Zane-zanen Abdulkarim a Wurno: Shaidar Ido Ko Aikin Mai Ƙawatawa?

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce auna darajar zane-zanen da matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, wanda aka sani a ƙasar Hausa da suna Abdulkarim, ya yi a littattafan tafiyarsa. An taƙaita nazarin ga ƙasar Wurno da maƙwabtanta, Rabah da Goronyo. Tambayar ita ce: wane ɓangare na aikin ne ya cancanci zama hujja ga mai nazarin tarihi da al'ada?

2.0 Matafiyin da Littafinsa

Barth ya fito daga Katsina, ya keto dajin Gundumi, ya sadu da Sarkin Musulmi Aliyu Babba a Gawasu, sa'an nan ya shiga Wurno a watan Afrilu na 1853. A lokacin nan Wurno, ribaɗin da Muhammadu Bello ya kafa kuma ya rasu a cikinsa a 1837, ita ce mazaunin Sarkin Musulmi. Barth ya sāke sauka a garin a ƙarshen daminar 1854, bayan komowarsa daga Tambutu, ya yi jinya, kāna ya bi ta Gandi, a ƙasar Rabah ta yau, ya nufi Kano.

Al'adarsa ita ce rubuta abu tun yana gabansa. Da agogo yake ƙiyasta nisan zango, da kamfas yake tantance fuskar hanya, ya zana fasalin gari ko tudu a gefen bayani. Wannan ɗabi'a ita ce ƙarfin aikin, domin abin da aka bari sai an koma gida, mantuwa takan rage shi, son burgewa kuma ya ƙara masa gishiri.

3.0 Hannuwa Uku a Zane Ɗaya

Sai dai wajibi ne mai karatu ya lura cewa hotunan da suka fito a littafin mai juzu'i 5, wanda aka buga a 1857 da 1858, ba hannun Barth kaɗai ba ne. Manyan hotuna masu launi, irin na Kano daga kan Dala, wani mai zane ne, Martin Bernatz, ya tsara su daga zayyanar Barth. Bernatz ya san Habasha, amma bai taɓa taka ƙasar Hausa ba. Saboda haka jerin mutane da raƙuma da inuwar itatuwa da ke ƙawata irin waɗannan hotuna ba abin dogaro ba ne wajen tabbatar da sutura ko tsarin kasuwa.

Taswirar Wurno kuwa, wadda ta nuna ganuwa da ƙofofi da kasuwa da gidan Sarkin Musulmi, ba ta da ado, amma ta fi amfani, don kuwa ana iya ɗaukarta a zaga gari a gwada ta da abin da ya rage a ƙasa. A cikinta ne kuma hannu na uku ya bayyana. Baƙo ba ya sanin sunan ƙofa sai ɗan gari ya faɗa masa. Ashe ke nan malamai da fatake da 'yan rakiya suna da rabo a aikin, ko da yake ba sunansu ne a bangon littafin ba.

4.0 Kammalawa

Muhimmancin wannan rarrabewa ya ƙaru ne saboda ƙasar ta sauya. Tun da aka gina madatsar ruwa ta Goronyo a shekarun 1980, ambaliyar Gulbin Rima da ke shayar da fadamar Wurno ba ta bin tsarin da Barth ya tarar. Ganuwar ƙasa kuma kowace damina raguwa take yi. Malaman Daular Usmaniyya sun bar rubutu mai yawa, amma ba su bar siffar garuruwansu a zane ba. Don haka bai kamata a yi watsi da zanen baƙo ba, bai kuma kamata a haɗiye shi ɗungurungum ba. Abin da ya dace shi ne ɗalibai su kai taswirar gaban dattawan Wurno, su ji inda ta dace da inda ta kauce, su kuma zana abin da ya saura tun bai shuɗe ba.