Bayan an Watse daga Matan Fada: Rayuwar Gefen Gari a Waƙa da Fim a Ƙasar Kabi

Manufar wannan ɗan sharhi ita ce a duba yadda waƙa da fim suke ɗaukar rayuwar mutanen Birnin Kebbi da Argungu, musamman mazauna sababbin unguwannin da suka tsiro a gefen gari. Ra'ayin da za a kare shi ne cewa adabinmu na zamani ya san wannan yanki ne a ranar biki kawai, ya kau da kai daga sauran kwanakin shekara, kuma manazarta suna da kaso a cikin wannan laifi.

Bikin kamun kifi na Argungu ya samo siffarsa ta yanzu ne a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Sarkin Kabi Muhammadu Sama, aka rufe tsohuwar gabar da ke tsakanin Sakkwato da Kabi. Hukumar UNESCO ta sanya shi cikin jerin al'adun duniya a 2016, kuma da aka farfaɗo da shi a 2020 bayan ya daɗe a kwance, giwan ruwan da ya zo na ɗaya ya kai kilo 78. Babu mai musun girman wannan biki. To amma hoton dubban masunta suna rugawa cikin Matan Fada da homa da gora ya zama shi ne Argungu a idon mai ɗaukar hoto, har ya rufe komi. Ko al'adun da bikin ya tsiro daga cikinsu, watau gyaran ruwa da fashin ruwa, ba a cika waiwayarsu ba, balle a tambayi abin da masuncin nan yake ci a watan da ruwa ya ja baya.

Haka abin yake a fagen waƙa. Aliyu Ɗandawo ya yi wa sarakunan Kabi waƙa, ɗansa Sani ya gaje shi ya zauna a Yawuri, kuma ɗalibai sun yi ta bin waƙoƙinsu ta fuskar jigo da salo. Muhammadu Gambu na Fagada, mai waƙar ɓarayi, shi ma ya sami manazarci a wajen Farfesa Aliyu Muhammad Bunza. Wannan aiki ne mai amfani. Sai dai fada da dandali su ne suka kwashe hankalinmu, alhali kuwa a cikin gida akwai wani adabi da ba ya neman maroƙi ko kuɗin liƙi.

Mu ɗauki daɓe. A da, idan aka gina ɗaki ko za a kawo amarya, matan unguwa sukan taru da madaɓai, a zuba tsakuwa, a yayyafa ruwan makuba wanda ake samu daga kwasfar ɗorawa, a yi ta bugu har ƙasa ta yi tauri ta yi sheƙi. Bugun madaɓin shi ne kiɗan, kuma a kansa ake ɗora waƙa. A nan kishiya take sakar wa kishiya habaici, a nan ake yi wa uwar miji gugar zana, a nan ake yaba miji ko a tona rowarsa, duk ba tare da an kama suna ba. Gyaran gida ke nan ya haifi waƙa. Daka da niƙa su ma haka suke, da lugudensu da amshinsu. Siminti ya kashe daɓe, inji ya kashe dutsen niƙa, kuma ba wanda zai ce a mayar da mata ga wannan wahala don kawai a sami abin nazari. Tambayar ita ce: ina habaicin ya koma? Ai kishi bai mutu tare da madaɓi ba.

Tun da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi a 1991, Birnin Kebbi ya faɗaɗa ƙwarai, unguwanni irin su Gesse da Badariya da Bayan Kara suka cika da ma'aikata da malamai da 'yan kasuwa. Mazaunin irin wannan wuri ba ɗan ƙauye ba ne, ba kuma ɗan tsohon gari ba. Gidansa na bulo da kwano ne, amma iskar farkon damina tana yaye rufin, gara tana cin katakon, maciji yana shigowa daga kangon maƙwabci wanda bai gama gini ba. Da yawa cikinsu suna da gonar shinkafa a fadama, inda tsuntsun jan baki yake sauka kamar hadari ya cinye wahalar shekara, yara suna ihu suna kaɗa gwangwani tun asuba. Ambaliyar 2020 ta shanye gonakin shinkafa masu yawa a jihar, ta rusa gidaje. Marubucin da ya ce ya rasa abin gina labari a nan, to bai duba ba ne.

Amma me fim yake nuna wa wannan mutum idan ya zauna da dare? Masana'antar finafinan Hausa, wadda aka saba ƙirga farkonta daga Turmin Danya na 1990, ta girma ne a Kano, da bakin Kano. Gidan da take so shi ne mai babban falo da labule har ƙasa, wanda rufinsa bai taɓa yoyo ba. Idan aka ji ɗan wasa ya ce "mi" a maimakon "me", ko "hwaɗi" a maimakon "faɗi", galibi an sa shi ne don a yi dariya. Wannan ba ƙaramar illa ba ce ga yaron da ya tashi a Gesse, domin kullum allo yana gaya masa cewa harshen kakarsa na barkwanci ne, na soyayya da hankali kuwa yana wani gari. Waƙoƙin finafinan ma, da kiɗan fiyanonsu, ba su san fadama ba, ba su san kada ba, sai bege da rabuwa.

Wani zai ce kasuwa ce take hukunci, mai kallo ba ya biyan kuɗi don a nuna masa wahalar da ya baro a gida. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, amma ba ta wanke jami'a ba, tun da mu ba kasuwa muke yi wa aiki ba. Gidan Tarihi na Kanta da ke Argungu ya adana makamai da kayan su, sai dai murya ba ta zama a cikin akwatin gilashi. Tsofaffin matan da suka riƙi madaɓi da hannunsu suna nan a tsohon garin Argungu da ƙauyukan Augie da Kalgo, kuma kowace damina ana rasa wasu. Ɗalibin da ke neman batun digiri na biyu a Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda aka kafa a 2013, bai fi tafiyar sa'a ɗaya ko biyu tsakaninsa da su ba, kuma wayar da ke aljihunsa tana ɗaukar magana.