Taya mai haƙora ba ta kowa ba ce

Wani yayi ya shigo wa masu Hilux da sauran motoci masu ja da ƙafa huɗu a ƙasar Karaye da Rogo. Kowa so yake ya ɗaura wa motarsa taya mai manyan haƙora, irin wadda ake rubuta M/T a gefenta. Tana yi wa mota kwarjini, ba musu. Abin da ke damuna shi ne yawancin masu sayenta a kan kwalta suke wuni, kuma da kuɗin ya gaza sai su koma wa ta Beljiyam.

Ban raina aikinta ba. Wanda ya taɓa ɗauko taki ko masara daga Kurugu ko Turawa a tsakiyar Agusta, lokacin da hanya ta zama taɓo, ya san abin da take yi. Tazarar da ke tsakanin haƙoranta ita ce sirrin: tana juyawa tana watsar da laka, haƙoran su sake cizon ƙasa. Taya mai ƙananan zane kuwa nan take laka ke toshe ta, ta yi ta juyawa a wuri guda har mota ta zauna a kan cikinta. Gefen ta M/T ma ya fi kauri, kututture da dutse ba sa saurin yaga shi. Mai shiga fadamun da ke kewaye da madatsar ruwan Challawa kullum, shi kam ya saya, hakkinsa ne.

Amma damina wata huɗu ce, daga Yuni zuwa Satumba, kuma a cikinsu ma ba kullum hanya ke jiƙe ba. Sauran shekara fa? Burji ne busasshe, da yashi, da kwaltar da za ta kai ka Gwarzo ka wuce Kano. A nan ne haƙoran ke zama kaya. Ƙuginsu ya cika mota, suna saurin cinyewa, kuma nauyin tayar yana ƙara shan mai, wanda tun da aka cire tallafi a Mayun 2023 ba wanda ke wasa da shi. Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne birki. Robar da ke taɓa kwalta ba ta da yawa, don haka in an yi yayyafi sai mota ta ƙara tafiya kafin ta tsaya. Ranar kasuwa, ga yara ga awaki ga 'yan acaɓa a bakin titi, wannan 'yar tazarar rai ce.

Shi ya sa ni a ganina, mai mota ɗaya da ita yake gona da ita yake birni, tayar da ta dace da shi ita ce A/T, mai matsakaicin zane. In ya iso wurin laka ya rage mata iska kaɗan don ta baje, ya sa motar a ƙafa huɗu, ya bi a hankali, da ya fita kuma ya tsaya wurin mai faci a mayar masa da iskarsa.

Sai batun kuɗi. Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ya bi bayansa a Legas a 2008, tun daga nan tayoyin motocinmu suka koma na shigowa, farashinsu yana bin dala. Sabuwar BFGoodrich ta fi ƙarfin mutane da yawa, na sani. To amma mafita ba ita ce a sayi tsohuwarta da aka gama morewa a Turai ba. Haƙoranta na iya zama da saura alhali robar ta bushe, zafin bazara kuma ba ya yafe wa busasshiyar roba, musamman in an lafta wa mota buhuna. Gara sabuwar Maxxis, ko ma ta China irin su Triangle da Westlake, da mai babban suna wadda ta tsufa.

Kuma ba a ɓoye shekarun taya suke ba. A gefenta, bayan haruffan DOT, akwai lambobi huɗu na ƙarshe: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2319, an yi ta ne a mako na 23 na 2019. Hukumar Kiyaye Haɗura ta Ƙasa ta daɗe tana gargaɗi kan tayar da ta haura shekara huɗu. Ka duƙa ka karanta da idonka kafin a fara ciniki, ka duba ko akwai LT ko C a jikin lambar girmanta, alamar an yi ta don ɗaukar kaya.

Wata ɗabi'a da nake roƙon a bari ita ce sayen M/T biyu a sa a baya, a bar ƙanana a gaba don a rage kashe kuɗi. In tsayin tayoyin ya bambanta, duk sanda aka sa motar a ƙafa huɗu gaba da baya ja-in-ja suke yi, giya ce ke shan wahalar, gyaranta kuma ya fi kuɗin tayoyi biyun da aka yi tsimi. Wanda kuɗinsa bai kai na huɗu iri ɗaya ba, ya jira kaka ya sayar da amfani, tunda hanya ma a lokacin ta bushe.