Aikin Rukuni ko Gayyar Mutum Ɗaya?

Malamai 'yan uwana na Bena, ku yi haƙuri, yau ma maganar aikin rukuni ce. Tun da muka dawo daga bita aka ce sai "aikin rukuni", duk ajin da ka leƙa an juya bencina, yara sun yi da'ira, ga kwali a tsakiya. Mai duba makarantu ya zo, ya ɗauki hoto, ya tafi yana murmushi.

Ni kuwa na tsaya na duba. Yara takwas, biro ɗaya, kuma yana hannun yarinyar da dama ta iya. Biyu na cinikin gyaɗa, ɗaya na gyangyaɗi, saura na jiran a ce "ku rubuta sunayenku". Kowa maki goma. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi!

Abin haushin shi ne, mu a ƙasar Zuru ba yau muka san aikin taro ba. Je ka gonar gayya da damina: kowa da garmarsa, kowa da kunyarsa. Wanda aka bari a baya, tun daga bakin gona ake hango shi. Samarin golmo tare suke zagaya gonakin surukai, amma rago ba ya ɓoyuwa a cikinsu. A makarantar allo ma, babba ya biya wa ƙarami, amma kowa da bakinsa zai kawo karatunsa gaban malam kafin ya wanke allo. Sai a ajinmu na boko ne kawai mutum bakwai ke shan inuwa, ɗaya na noma.

Na yarda, ajin da littafi ɗaya ke ciyar da benci guda ba ya yiwuwa sai da rukuni, kuma yaro kan fi gane bayanin ɗan uwansa. To, na ji.

Amma a raba kunyoyi mana! Yara huɗu sun isa, kowa da tambayarsa, kuma malam ne zai nuna wanda zai tashi ya yi bayani.

Makon jiya na gwada a aji biyar. Na ce makin rukuni yana bakin duk wanda na kira. Sai ga yarinyar nan ta ajiye biro, ta tasa mai gyangyaɗi gaba da lissafin rabawa har ya yi gumi. Shi na kira. Ya ci uku cikin biyar, ya zauna yana hararata.