Awon ƙarfe da lissafin rayuka

A 1985 Ross Watton ya wallafa The Cruiser Belfast, littafin zane-zanen jirgin ruwan yaƙin Ingila da ke girke a kogin Thames tun 1971 a matsayin gidan tarihi. Amfaninsa a fili yake: an sauya wa jirgin fasali bayan yaƙin duniya na biyu, don haka mai ƙera ɗan samfurinsa na wancan zamani sai ya dogara ga zane. Sai dai awo ba ya ƙidaya rai. Belfast na cikin jiragen da suka yaƙi Scharnhorst na Jamus a Disamba 1943. Da ya nutse, cikin mutum kusan 2000, 36 kaɗai suka tsira. Malamin da zai buɗe wa ɗalibai littafin nan, ya haɗa musu da wannan lissafi.