Nassi da Jan Baƙi

A wurin tafsirin azumi mutum biyu ne ke zama gaban jama'a. Alaramma ya ja baƙi ya dakata, sannan malam ya fassara, ya yi sharhi. Haka aka saba ji daga Masallacin Sultan Bello na Kaduna tun zamanin Sheikh Abubakar Gumi, wanda ya rasu a 1992, haka kuma ake yi daga Kano har Damagaram. Wannan rabon aiki yana karantar da mai sauraro ko ba a faɗa masa ba: abin da ya fito daga bakin alaramma nassi ne, abin da ya biyo baya fahimtar ɗan Adam ce.

Kalmar baƙi kanta daga tawada ta samo asali. Duk wanda ya taɓa buɗe Alƙur'ani rubutun hannu ya ga haruffa da baƙar tawada, wasula kuma da ja. Shi ya sa haruffan da yaro yake farawa da su a makarantar allo, kafin ya shiga farfaru, ake ce musu babbaƙu. Bahaushe ya kira lafazin da aka saukar da sunan launin da ake rubuta shi da shi.

Nassi kuwa aro ne daga Larabci, kuma a wajen malaman usulu ma'anarsa tana da ƙunci. Shi ne lafazin da ba ya ɗaukar ma'ana sai guda ɗaya, saɓanin zahiri, wanda ke iya karɓar tawili. Daga nan ne ƙa'idar nan ta fito, cewa ba a ijtihadi inda nassi ya zo. Da kalmar ta shiga bakin jama'a sai ta faɗaɗa, ta zama kowace aya ko hadisi. Kiristoci masu jin Hausa ma, waɗanda suka sami cikakken Littafi Mai Tsarki a 1932, da ita suke kiran abin da suke karantawa a majami'a.

Wannan faɗaɗawar ba ta dame ni ba. Abin da ke damuna shi ne wadda ake yi yau a Facebook da WhatsApp. Gardama ta yi zafi, wani ya ce "kawo nassi", sai a turo masa fassarar Hausa ba baƙi, ko guntun wa'azin wani malami, a ce ga shi nan. Daga nan wanda ya saɓa wa fassarar sai a ce ya saɓa wa Allah, alhali mai fassara yana iya kuskure, komai zurfin iliminsa.

Jama'a, idan za mu kafa hujja, mu ja baƙin tukuna, sannan mu faɗi sunan wanda ya fassara.