Jarumi Mai Jini A Hannu: Nazarin Finafinan Kaboyi Da Na Daba

A Wurno ta ƙasar Birnin Kudu, kamar sauran garuruwan da ke tsakanin Babaldu da Gwaram, fim ba ta silima yake shigowa ba. Ta shagon caji yake zuwa. Saurayi ya miƙa wa mai kwamfuta waya ko memori, ya ce, "Tura min mai zafi," shi kuwa mai turi ya san abin da ake nufi. Ko dai fassarar Indiya-Hausa irin ta Algaita, ko kuwa finafinan daba masu dogon zango da ake saukowa da su daga YouTube. Wanda ya daɗe yana kallo zai lura da sauyi guda: mutumin da ake tafa wa yanzu, da a shekarun baya ne, shi za a kira bos. Rocky na K.G.F (2018) makashin haya ne. Pushpa (2021) ɗan fasa-ƙwaurin katako ne. Ba wanda zai ba ɗayansu 'yarsa, amma su ne a fuskar wayoyin samari.

Iyaye na kuka da wannan, kuma kukansu ba na banza ba ne. A 2021 Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano ta hana nuna garkuwa da mutane da shaye-shaye da ƙwacen waya a fim, a 2024 kuma ta sake fitar da umarni a kan finafinan daba. Jigawa ba ta ƙarƙashin wannan hukuma, sai dai tunda a Kano ake dafa yawancin abin da ake kallo a nan, hukuncin ya shafe mu. Ni dai ra'ayina shi ne an yi kuskuren ma'auni. Ana tambaya ko jarumin mutumin kirki ne. Tambayar da ta fi amfani ita ce: shin fim ɗin ya nuna wanda ya biya kuɗin ɓarnar da jarumin ya yi?

Da farko ma, Bahaushe bai jira Amurka ta koya masa son tantiri ba. Gizo maƙaryaci ne, mazambaci, amma shi yara ke goya wa baya a tatsuniya. A Ruwan Bagaja, wanda Abubakar Imam ya rubuta tun farkon shekarun 1930, Alhaji Imam da Malam Zurƙe sun yi ta ƙulla wa juna sharri gari-gari, mai karatu na dariya. Muhammadu Gambo Fagada na ƙasar Kabi ya yi suna ne da waƙar ɓarayi, kuma masu sayen kaset ɗinsa ba ɓarayi ba ne, mutanen gari ne da ake yi wa satar, kafin daga baya ya tuba ya bar ta. A 1982 Bature Gagare ya fitar da Ƙarshen Alewa Ƙasa, labarin Mailoma da ta'asar da ya tafka, littafin da har yau nake ganin ba a yi fim ɗin laifi na Hausa da ya kai shi duhu ba.

Kaboyi ma tsohon baƙo ne. Silimun Kano irin su Rex da Palace da Plaza sun sha nuna shi tun kafin finafinan Indiya su ƙwace kasuwa, har samari suka riƙa laƙaba wa juna Jango bayan fitowar Django a 1966. A wannan shekarar dai Moustapha Alassane na Nijar ya shirya Le Retour d'un aventurier, wato dawowar wani ɗan yawon duniya. Saurayi ne ya dawo gida da akwati cike da kayan kaboyi, malafa da takalma da bindigogi, ya raba wa abokansa, suka hau dawakai suka addabi ƙauyensu.  Ka ga tun shekara kusan sittin da suka wuce wani ɗan Nijar ya riga ya yi fim a kan abin da iyayen Wurno ke tsoro yau, wato yaro ya kalli fim ya tashi ya kwaikwaya. Bai nemi a hana kaboyi ba. Kaboyin ya ɗauka ya yi masa raddi da shi.

Sholay na 1975, wanda tsofaffin 'yan kallo suka haddace, kaboyi ne da rawanin Indiya: tsohon ɗan sanda da aka sare wa hannuwa ya ɗauko ɓarayi biyu haya su kamo masa maƙiyinsa Gabbar. Amma a can an wanke ɓarayin tas, satarsu ta zama abin raha. Finafinan da zan ba da shawarar a nema ba sa yi wa kowa irin wannan wankin.

Na farkonsu Unforgiven, na Clint Eastwood, 1992. William Munny tsohon makashi ne da aure ya shiryar. Matar ta rasu ta bar shi da yara biyu da aladu marasa lafiya da talauci. A wani gari mai suna Big Whiskey wani makiyayi ya yanki fuskar wata karuwa da wuƙa. Shugaban 'yan sandan garin, Little Bill, ya yanke hukunci a biya tarar dawakai, kuma ba ita za a ba ba, mai gidan da take zaune za a ba, tunda a ganinsa hajarsa aka lalata. 'Yan uwanta mata suka haɗa dala dubu ɗaya ga duk wanda zai kashe masu laifin. Wannan kuɗi ne ya fito da Munny, dattijon da ko dokinsa sai da ƙyar yake hawa. Dubi yadda aka gina rikicin: kowa na da hujja, kowa na da laifi. Matan an zalunce su, amma ran mutum suke saye. Little Bill yana son zaman lafiya a garinsa, amma da bulala yake nemansa, har ya kashe Ned, abokin Munny, da duka. Wurin da ya fi tsaya min a rai shi ne na wani yaro mai cika baki da ya biyo su yana ikirarin ya sha kashe mutane. Ranar da ya yi kisan farko na gaskiya, ya harbe mutum a cikin masai, sai ga shi zaune gindin bishiya yana kurɓar giya yana kuka, ya ce ya bar bindiga har abada. Duk saurayin da ke ganin ɗaukar wuƙa burgewa ce, wannan fitowar kaɗai ta fi masa wa'azin awa guda.

Na biyu Hell or High Water, 2016, wanda Taylor Sheridan ya rubuta, David Mackenzie ya ba da umarni. Shi ne zai fi shiga zuciyar manomi. Wa da ƙane ne a yammacin Texas. Mahaifiyarsu ta ci bashin banki a kan gonarta, ta rasu, banki na shirin ƙwace gonar, ga shi kuma an gano mai a ƙarƙashinta. Sai suka shiga yi wa rassan wannan bankin fashi, suna tara ƙananan kuɗi, don su biya shi bashinsa da kuɗinsa. Duk wanda ya taɓa jinginar da gona, ko ya ci bashin taki da alkawarin biya da buhu a kaka, ba ya bukatar a yi masa bayanin zafin da ke cin waɗannan mutane. Mai kallo zai tsinci kansa yana yi musu addu'ar tsira. A nan ne fim ɗin ya ɗana tarkonsa. Fashin ƙarshe ya ɓaci, mai gadi ya mutu, wani mutumin gari ya mutu, sannan wan ya harbe Alberto, ɗan sanda mai iyali wanda muka saba da shi, muka yi ta dariyar tsokanar da abokin aikinsa ke yi masa. Ƙanen ya tsira, gona ta zama ta 'ya'yansa, amma ba a bar shi ya ji daɗin nasarar ba, mu ma ba a bar mu ba.

No Country for Old Men (2007) na 'yan uwan Coen ya fi su tsauri. Maharbi ya tsinci jakar kuɗin masu safarar ƙwaya, kimanin dala miliyan biyu, ya ɗauka. Abin da ya tona masa asiri ba kwaɗayin ba ne, tausayi ne: ya koma cikin dare kai wa wani mai rauni ruwa. Makashin da ke binsa yakan jefa kwabo sama ya yanke wa mutum rai ko mutuwa, abin da zai tuna wa 'yan Sholay kwabon Jai, ɗaya daga cikin ɓarayin nan biyu, sai dai na Jai na abota ne. Wanda ya saba da jarumi ya yi dambe da bos a ƙarshe zai ji an cuce shi, domin ba a ma nuna mutuwar jarumin ba, gawarsa kawai aka tarar. Sicario (2015) kuwa na kan iyakar Amurka da Meziko ne, kuma darajarsa tana wurin wani ƙaramin ɗan sanda mai ɗaukar wa 'yan ƙwaya kaya, wanda ake ta nuna mana ɗansa na jiran ya tashi su buga ƙwallo. A wani fim ɗin, irin wannan mutum harsashi ɗaya ne a wuce. A nan sai da aka sa muka san gidansa. Daga Legas akwai King of Boys (2018) na Kemi Adetiba, inda Sola Sobowale ta fito a Alhaja Eniola Salami, uwar 'yan daba mai neman kujerar siyasa, wadda ta rasa 'ya'yanta biyu a hanyar. Gargaɗi ɗaya: duk waɗannan ba na kallo da yara ba ne, akwai ashar da jini, wasu da ɗan tsiraici.

To mu dawo gida. Finafinan daba na Kannywood, irin su A Duniya na su Tijjani Asase da Daddy Hikima da aka fi sani da Abale, sun yi abin a yaba ta fuska ɗaya. Sun fitar da kyamara daga falon Alhaji mai kujerun alfarma sun kai ta lungu da kango, kuma sun kawo harshen titi kamar yadda ake yin sa. 'Yan wasan sun iya. Matsalar tana ga ginin labari. Fim mai dogon zango a YouTube yana rayuwa ne da yawan masu kallo kowane mako, kuma abin da ke jawo su shi ne kirari da zare ido da shigowar oga da yaransa a baya. Don haka wanda aka sara yakan ɓace daga labari da zarar ya faɗi. Ba kasafai ake bin sa asibiti a ga uwarsa na sayar da akuya don sayen jini ba. Idan an ga hukuma ta matsa, sai a liƙa tuba ko kamun 'yan sanda a ƙarshe, bayan an shafe makonni ana ɗaukaka mutumin. Yaro ba wawa ba ne. Ya san wanne ne fim ɗin, wanne ne na cika sharaɗi.

Nan ne dokar hani ta gaza. Takan hana a nuna wuƙa, alhali wuƙar ba ita ce illar ba. Da za a bi ta a kan Unforgiven da shi ma bai tsallake ba. Kuma ba ta isa shagon caji ta hana Rocky shiga waya ba. Sakamakon shi ne an ɗaure hannun marubucin gida da zai iya nuna ɓarna da nauyinta, an bar na waje mai nuna ta da kiɗa.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne duk kayan haɗin kaboyi na zamani suna zube a kudancin Jigawa. Kaboyi labarin ƙasa ne da shanu da ruwa da bashi, a wurin da hukuma ke da nisa. Ga duwatsun Birnin Kudu, da zanen shanu na mutanen da a jikin Dutsen Habude da Dutsen Mesa. Ga kasuwar Sara. Ga dazukan kan iyaka da Bauchi. Ga burtalin da gona ta cinye, ga gonar da garke ya shiga saura kwana kaɗan girbi. Ga ɗan sintiri da ya fara da kare garinsu, ya wayi gari shi ne mai kamu, shi ne alƙali. Ga mai unguwa da ya san gaskiya amma yana tsoron faɗa. A irin wannan labari manomi na da hujja, makiyayi na da hujja, kuma kowannensu na iya kwana da jini a hannu. Marubucin da zai ɗauke shi dole ya guji mai da ƙabila guda bos, domin kaboyin Amurka na da ya yi wa jajayen Indiyawa haka shekara da shekaru, kuma ƙarya ce.

Masu shirya fim na Kano da Dutse, ku fito daga lungunan birni ku bi hanyar Wudil zuwa Gwaram da kyamararku. Kai kuma mai zuwa shagon turi, in za ka fara, fara da Hell or High Water, sannan Unforgiven. In mai kwamfuta ya ce ba shi da su, ce masa ya nemo.