Tabarmar da Ba a Zama a Kanta

Ranar 1 ga Agusta, 2021, a babban zauren birnin Auckland, aka lulluɓe Firaministar New Zealand ta lokacin, Jacinda Ardern, da tabarma tun daga ka. Gafara ta zo nema kan samamen asuba da 'yan sanda suka riƙa kai wa 'yan tsibiran Fasifik a shekarun 1970, kuma sai da waɗanda aka ɓata wa suka taso suka yaye tabarmar sannan ta ɗago. Mutanen Samoa na kiran wannan ifoga. A asalinsa, dangin mai laifi ne ke sammako su duƙa a ƙofar gidan wanda aka zalunta, tabarma a kansu, ko rana ko ruwa, har sai an yaye.

Kowa ya yi ta maganar wadda aka lulluɓe. Ni hannun da ke saƙa irin wannan tabarma ne ya tsaya mini a rai.

Sunanta 'ie toga, kuma aikin mata ne tun fil azal. Ba a shimfiɗa ta a zauna. Ganyen wani tsiro da ake kira lau'ie ake yankowa, a cire ƙayar gefensa, a gasa ko a dafa, a ɓare fuskar da ke sheƙi, a jiƙa ta a ruwan teku kwana da kwanaki har ta yi fari, sannan a shanya. Daga nan a tsage ta siri-siri, faɗin zare ɗaya bai wuce milimita ɗaya ko biyu ba. Mace za ta zauna a fale lalaga, ɗakin saƙa na matan ƙauye, baya a sunkuye, tana sarƙa zaren a karkace da yatsu kawai. Tabarma ɗaya kan cinye watanni, wata ma shekaru. Idan ta kammala sai ka ji ta a hannu kamar siliki, gindinta da tuntu da jeren jan gashin tsuntsu.

Da ita ake aure, a yi jana'iza, a naɗa matai, wato mai sarautar gida. A auren gargajiya dangin amarya ne ke kawo ta, dangin ango su kawo nasu kaya. Ke nan babbar dukiyar ƙasar daga hannun mata take fitowa. Sai dai akwai abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya: manyan tabarmi suna da sunayensu da tarihinsu, mai jawabin sarki, tulafale, yakan ambace su a bainar jama'a, amma sau da yawa sunan masaƙiyar ya bi iska.

A ƙarshen ƙarni na 20 sana'ar ta kusa mutuwa, kuma yawan buƙata ne ya kusa kashe ta. Gasar bukukuwa ta sa aka koma ƙirga tabarmi maimakon duba su. Aka cika kasuwa da masu kauri, aikin 'yan kwanaki, ana miƙa su dami-dami ba ma a warwarewa. Wa zai ɓata shekara a kan guda ɗaya?

Mata ne kuma suka ceto ta. Ƙungiyar Women in Business, wadda aka kafa a 1991 kuma Adimaimalaga Tafuna'i ta daɗe tana jan ragamarta, ta nemo 'yan tsirarun da suka rage da gwanintar suka koya wa wasu, ta kuma tsara yadda mai son tabarma zai riƙa biyan masaƙiya kaɗan-kaɗan tana cikin aiki. Dabarar ta burge ni, don ta gane cewa yabo ba ya sayen abinci. Gwamnati ta biyo baya da baje kolin shekara-shekara, a 2019 kuma UNESCO ta sa ta cikin jerin al'adun duniya da sunan 'Ie Samoa.

Jan gashin tsuntsun nan na gindinta ne dai bai dawo ba. A da na ɗan aku ne da suke kira sega, har daga Fiji ake kawo shi. Yau galibi na kaza ne ake rinawa.